FILIN WASAN YARA: GYARA NE, KO SAUKE MU RABA?

Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. To, amma a zamanin nan in Hukuma ta aiko ta ce za ta kewaye wani fili da kwano domin ta gyara shi, abin da ke fara faɗo wa mutanen unguwa a rai shi ne an zo sauke mu raba. Wannan zato ya shafi kasuwa, ya shafi tasha, amma inda ya fi ban tausayi shi ne filin wasan yara, domin su yara ba su da ƙungiya, ba su da lauya, kuma ba sa jefa ƙuri'a. Yau muna so mu dubi wannan al'amari, mu ɗauki Unguwar Mu'azu ta cikin garin Kaduna ta zama mana abin misali, mu ga inda Hukuma ke da gaskiya in ta rufe fili, mu ga kuma dalilin da ya sa jama'a ba sa sakin jiki da alkawarinta.

Unguwar Mu'azu tana cikin ƙasar Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, wadda hedkwatarta ke Makera. Tana maƙwabtaka da Tudun Wada da Kabala West, kuma babbar hanyar nan ta Nnamdi Azikiwe, wadda mutane ke kira baifas, ta nan ta bi. Dare da rana tireloli da tankokin mai da suka fito daga kudu za su Zariya da Kano suna ratsa ta. Ƙidayar 2006 ta nuna wannan ƙaramar hukuma tana da mutum fiye da dubu 400, ga shi kuwa tun daga sa'an nan ƙaruwa a ke yi, ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa. Gida ya haɗu da gida, shago ya haɗu da shago.

A da kowane gari na Hausa yana da dandalinsa, galibi a ƙofar gidan sarki ko bakin kasuwa. Nan samari ke langa da kokawa, 'yan mata na gaɗa in wata ya yi haske, manya kuwa na zaune daga gefe suna lura. Ba wanda ya rubuta wa dandali takarda, ba kuwa wanda ya yi tunanin ya yanka shi ya sayar, sabo da kowa ya san na kowa ne. A unguwannin birni irin su Unguwar Mu'azu abin da ya maye gurbin dandali shi ne filin makarantar firamare, da filin idi, da fegin da mai shi bai sami halin ginawa ba tukuna. In aka rufe irin wannan fili yaro ba zai daina wasa ba. Zai ɗauki ƙwallonsa ya koma lungu, ko bakin kwata, ko gefen baifas. Wannan shi ya sa maganar ta fi ƙarfin a ce wasan yara ce.

INDA HUKUMA KE DA GASKIYA

Kada wani ya ɗauka muna cewa rufe fili domin gyara laifi ne. A'a. Duk wanda ya zaga filayen makarantunmu ya san irin abin da ke cikinsu. Akwai katangar da ta tsage tana jiran ruwan watan Agusta ya kwantar da ita, akwai ramin salga wanda murfinsa ya rufta ciyawa ta lulluɓe bakinsa, ga ƙarfen raga da ya yi tsatsa tun daga gindi, ga fasassun kwalabe, ga wayar lantarki da ta yi ƙasa. In injiniya ya duba ya ce wuri kaza ba shi da lafiya, wajibi ne a kan Hukuma ta hana shiga nan take, ko da mutane za su yi gunaguni. Rigakafi ya fi magani. Ba mu manta da abin da ya faru a Jos ran 12 ga watan Yuli, 2024, ba, sa'ad da benen makarantar Saints Academy ya rufta wa yara suna cikin aji, mutum 22 suka rasu. A ranar ba uban da bai so a ce an rufe ginin tun da wuri ba.

Har ila yau wasa hakkin yaro ne wanda doka ta sani. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 a kan hakkin yara ta ambace shi a sashe na 31, Nijeriya kuwa ta amince da ita a 1991. Dokar hakkin yara ta Tarayya ta 2003 ta maimaita shi, Jihar Kaduna kuma ta yi tata dokar kare yara a 2018. To, wanda aka ɗora wa ba yaro wurin wasa, shi aka ɗora wa ya ga wurin bai zama kabarinsa ba. Sabo da haka ba mu da ja a kan rufewa. Abin tambaya shi ne, ran da aka gama gyara, wa za a miƙa wa mabuɗi?

ABIN DA IDO YA GANI

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu ya ke yi. Mutanen wannan yanki ba labari aka ba su ba, da idonsu suka gani. Kasuwar Barci ta Tudun Wada, wadda mutanen Unguwar Mu'azu da yawa ke ciniki ko cefane a cikinta, an rushe ta a 2020 domin a sake gina ta irin ta zamani. Niyyar kuwa kyakkyawa ce, don tsohuwar kasuwar ta cushe ƙwarai. Amma wa'adin tashi da aka ba 'yan kasuwa gajere ne, da yawansu suka watse zuwa bakin titi da rumfunan wucin gadi, aikin ya ɗauki shekaru, daga baya kuma suka yi ta kuka a jaridu da gidajen rediyo cewa kuɗin sababbin shaguna ya fi ƙarfinsu. Ko da ya ke kasuwa dabam, filin wasa dabam, darasin da talaka ya ɗauka ɗaya ne, watau wanda aka fitar domin gyara ba lalle ne shi za a mayar ba.

Filayen makarantu kuwa tasu wahalar ta daɗe. A 2015, farkon mulkin Gwamna Malam Nasir El-Rufa'i, Gwamnatin Jihar Kaduna ta tashi ƙwato filayen makarantu da asibitoci waɗanda mutane suka ci, har aka rushe gidajen da aka gina a cikin filin Kwalejin Alhudahuda ta Zariya. Ƙwato filin daidai ne. Amma sai mu tambaya, yaya aka yi gidaje suka tsiro a cikin filin makarantar Gwamnati tun farko? Ai gida ba ya ginuwa a dare ɗaya. An auna, an haƙa harsashi, an ɗora bulo, an yi rufi, duk da rana tsaka, waɗansu daga cikin masu gidajen ma cewa suka yi suna da takardu. Watau shekara da shekaru a na yankar filin yara kaɗan kaɗan, waɗanda aka ba amanarsa suna gani.

A Kano abin ya fi haka fitowa fili. A zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje an gina shaguna a Filin Sukuwa na Nasarawa, inda samari ke motsa jiki da buga ƙwallo, da kuma Filin Idi na Ƙofar Mata. Da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya hau a 2023, cikin watan Yuni ya sa aka rushe su, ya ce filayen jama'a ne. Masu shagunan Filin Idi suka kai ƙara, a watan Satumba na wannan shekara Babbar Kotun Tarayya ta Kano ta ce a biya su diyyar Naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ba mu shiga tsakanin gwamnonin biyu ba, ba kuwa nan ne wurin shiga ba. Abin da mu ke so mai karatu ya lura da shi shi ne, Gwamnati ce ta ba da izinin gini, Gwamnati ce ta rushe, kuɗin diyya kuma daga baitulmalin jama'a za su fito. In uba a Unguwar Mu'azu ya ji wannan a rediyo, sa'an nan gobe ya ga an kafa kwano a filin da ɗansa ke wasa, me mu ke tsammani zai ce?

WA KE DA FILIN?

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su gane ba, shi ne ainihin tushen wannan rashin yarda. Tsarin Mulki na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, a ciki har da ginawa da kula da lambunan shaƙatawa da filayen da aka bari a buɗe domin jama'a. Bisa ga wannan, in filin wasa ya lalace, ƙaramar hukuma ce za a tuhuma. Amma dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa dukan ƙasar jiha a hannun Gwamna bisa amana, kuma ta ce ƙasar da ke cikin birni shi ke iko da ita kai tsaye, ƙaramar hukuma sai ƙasar karkara. Unguwar Mu'azu kuwa cikin birni ta ke. Takardar mallaka daga hukumar KADGIS ta ke fitowa, izinin gini daga KASUPDA, dukansu kuwa na Gwamnatin Jiha ne.

To, ka ga inda gizo ke saƙa. Ciyaman yana iya rufe fili, yana iya ba da kwangilar gyara, yana iya rantsuwa a gaban dattawa cewa zai buɗe shi bayan wata uku, amma ba shi da ikon hana a ba wani takardar filin. Ko da mutumin kirki ne, ya yi alkawari ne a kan abin da ba a hannunsa ya ke ba. Dattawan unguwa ko da ba su karanta doka ba, sun daɗe da gane haka daga abin da su ke gani.

Sai kuma maganar kuɗi. Tun da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, aka rushe tsarin En'e, an nufi ƙaramar hukuma ta zama Gwamnatin da ta fi kusa da talaka. Amma Tsarin Mulki na 1999 ya sa kasonta na wata wata ya bi ta asusun haɗin gwiwa da Jiha, shekara da shekaru kuwa a na kukan cewa abin da ke isa sakatariya bai wuce na albashi ba. Ran 11 ga watan Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma ta haramta wa gwamnoni naɗa kantomomi a maimakon zaɓaɓɓu. Hukunci ne mai kyau, ko da ya ke aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa. Ma'anarsa ga filin wasa a fili ta ke. Hukumar da ba ta san nawa za ta samu wata mai zuwa ba tana iya kafa kwano yau, ɗan kwangila ya sauke tifa biyu na yashi, kuɗi su yanke, wuri ya zama juji da maɓoyar 'yan shaye-shaye. Bayan shekara biyu sai wani mai hali ya zo ya ce ai kango ne, a ba shi ya raya.

Zaɓe ma ya shigo ciki. Daga 2015 zuwa 2018 kantomomi ne suka riƙe ƙananan hukumomin Jihar Kaduna, sai a watan Mayu na 2018 aka yi zaɓe, wanda aka yi amfani da na'urar jefa ƙuri'a a cikinsa. An sake yi a 2021, an kuma yi a watan Oktoba na 2024, inda jam'iyya guda ta cinye kujerun ciyaman 23 duka, 'yan hamayya kuwa suka ƙi yarda da sakamakon. Irin haka ke faruwa a jihohi da yawa, ko wace jam'iyya ke mulki. In mutum yana jin kansilansa ba ƙuri'arsa ce ta kai shi ba, da wuya ya gaskata cewa kansilan zai tsaya masa ran da babban mutum ya ƙyalla ido a kan fili.

BA MU KAƊAI BA NE

Wannan ciwo ba a ƙasarmu kaɗai ya ke ba. A Nairobi, babban birnin Kenya, akwai lambun shaƙatawa da a ke kira Uhuru. A 1989 Gwamnatin ƙasar ta yi niyyar gina bene mai hawa 60 a cikinsa, wata mata mai suna Wangari Maathai ta tsaya kai da fata ta ƙi, ta sha zagi da tsangwama, har aka fasa ginin. Ita ce daga baya aka ba lambar yabo ta Nobel a 2004. Da aka rufe wannan lambu a ƙarshen 2021 domin gyara, nan da nan waɗansu suka ruga kotu, sabo da sun tuna da na baya. An ce musu aikin na 'yan watanni ne, amma ba a buɗe wa jama'a shi sosai ba sai 2024. An dai mayar musu da lambunsu, amma jinkirin ya ƙara musu zargi.

A nan gida ma muna da misalin da ya kamata a faɗa, domin adalci. Dandalin Murtala na Kaduna, tsohon filin sukuwa inda aka yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a 1956, an gyara shi cikin shirin sabunta birane da Gwamnatin Jiha ta fara a 2019, Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya buɗe shi a watan Janairu na 2022, kuma fili ya zauna fili. Watau a na iya rufewa a gyara a mayar. Sai dai Dandalin Murtala yana tsakiyar gari, idon kowa na kansa, yaron Unguwar Mu'azu kuwa sai ya biya kuɗin Keke Napep kafin ya je. Ƙaramin filin da ke bayan makaranta, wanda ba baƙon da za a kai ya gani, shi ya fi bukatar mai tsaro. Tun a 1967 Max Lock da abokan aikinsa suka tsara wa Kaduna taswirar yadda za ta girma, shekara 50 bayan an mai da ita hedkwatar Arewa a 1917. Garin ya girma ya wuce abin da aka zana, unguwannin talakawa kuwa su suka fi rasa sarari.

ABIN DA MU KE GANI YA KAMATA

Yarda ba ta samuwa da jawabi. Shawararmu ta fari ga Hukuma ita ce, kafin a kafa kwano ko ɗaya a fara tabbatar da filin a takarda. Ƙaramar hukuma ta nemi KADGIS ta auna shi, a kafa duwatsun iyaka, a rubuta cewa filin wasa ne na jama'a, a ba mai unguwa kwafe, a ba hedimasta kwafe, a manna ɗaya a ƙofar sakatariya. In aka yi wannan rabin tsoron mutane ya tafi, domin alkawarin ya fito daga wanda ke da ikon cika shi.

Ta biyu, a tara mutane a gaya musu gaskiya. A kira hakimi da masu unguwa, da limamai da shugabannin coci, da kwamitin iyayen yara, da shugabannin kulob-kulob na samari masu buga ƙwallo a wurin, kada kuwa a manta da mata, tun da su ke wuni da fargabar inda yaro ya shiga. A zaga da su a nuna musu tsagar katangar da bakin ramin, gani ya kori ji. Sa'an nan a kafa allo a bakin fili, a rubuta da Hausa da Turanci abin da za a gyara, da sunan ɗan kwangila, da yawan kuɗin, da ranar farawa da ranar buɗewa. In ranar ta zo aiki bai ƙare ba, kansila ya zo da kansa ya faɗi dalili, kada ya bari jita-jita ta riga shi.

Ta uku, kada a rufe sai kuɗin aikin suna hannu, in ba haɗarin ya kai a ce yau yau ba. In kuwa gefe ɗaya ne ya lalace, a killace wannan gefen a bar wa yara saura. A lura da lokaci kuma. Aikin katanga da cike rami da rani ya fi kyau, daga Nuwamba zuwa Maris, ba a fafe gora ranar tafiya. In tilas ta sa aka rufe fili duka, a roƙi wata makaranta ta kusa ta buɗe wa yara nata da la'asar har a gama, domin kada a tsare su daga rami a tura su gaban tirela.

Jama'a kuma muna da namu. Ba Hukuma ce ke kwaso shara cikin dare ta zuba a filin makaranta ba. Ba ita ke sare ƙarfen raga ta sayar wa 'yan jari-bola ba, ba kuwa ita ke matsar da katangar gida taku biyu cikin fili ba. Masu yin haka 'yan unguwa ne, an kuwa san su. Haka kuma duk sa'ad da aka yanka filin jama'a aka sayar, akwai dillalin da ya nuna, akwai shaidun da suka sa hannu, ba daga sama suka faɗo ba. Wanda ke so Hukuma ta riƙe amana, ya fara riƙe tasa. In an ga kwano ya tashi, maimakon zagi a majalisa da yaɗa ƙarya a Facebook, dattawa su rubuta takarda su kai sakatariya su nemi a nuna musu takardun aikin. Hakkinsu ne, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba su. In an amsa musu, su taimaka a tsare kayan aiki. In an ƙi, sun sami hujjar da za su kai gaba.

Muna roƙon shugabannin ƙananan hukumomi, tun ba na Kaduna ta Kudu ba, su san cewa kuɗin da Kotun Ƙoli ta ce a ba su kai tsaye jarrabawa ce. Talaka ba zai auna su da girman sakatariya ba. Zai auna su da ƙananan abubuwa irin wannan, watau an ce za a buɗe fili ran kaza, ranar ta zo, aka buɗe, yara suka shiga. In haka ta faru sau ɗaya, sau biyu, gobe in aka ce za a rufe asibiti ko kasuwa domin gyara ba wanda zai ɗaga murya. Alkawari kaya ne. Allah Ya ba shugabanninmu ikon sauke shi, Ya kuma tsare mana 'ya'yanmu, amin.